Taurari Biyar Daga Hannun Marigayi

Birch Landing, Minnesota
Farkon Mayu

Ɗana Devin,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gwaggonka, da fatan kana lafiya, kuma zafin Phoenix bai gama soya ka ba. Mu nan sai godiya. Ƙanƙarar tafki ta narke, an fara fito da kwalekwale. Gwiwata ta hagu ce dai take ta mita, likita ya ce in rage tsayuwa, na ce masa to ya riƙa zuwa da sassafe yana juya mini fanke. Kunne kuwa yana nan yadda ka bar shi, don haka kada ka wahalar da kanka da buga waya, ihu kawai za mu yi wa juna. Ka nemi takarda da kan sarki ka rubuto.

Na gode da shafin intanet ɗin da ka yi wa gidan abincina. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi aiki. Ka san tun da Rusty ya buɗe wurin abincinsa a bakin babban titi, masu zuwa kamun kifi daga birni suka daina gangarowa cikin gari. Yanzu sai ga su suna shigowa da waya a hannu, wai sun rubuta "abinci kusa da tafki" sunana ya fito a sama. Ran Alhamis, da yake ita kaɗai nake kaiwa yamma a buɗe, naman tukunya ya ƙare mini tun rana ba ta faɗi ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na sa tabarau na leƙa wurin nan da aka rubuta "Abin da kwastomominmu ke faɗa". Wace ce Brenda? Wane ne Curtis da yake cewa kofina ya fi na uwarsa? Shekara talatin da ɗoriya ina tsaye bayan kantar nan, duk wanda ya taɓa yaba mini na san fuskarsa, don ba su da yawa. Mutanen garin nan in abinci ya kai musu karo sai su ce "ba laifi", su goge baki su fita. Waɗannan naka kuwa kowa taurari biyar, kowa da zaƙin baki. Ban ma karanta rabinsu ba idona ya gaji. A ina ka samo su?

Wani abu kuma, ko da yake ba ruwanka da shi. Ka tuna Verna Tollefson, aminiyata mai saƙa maka safar ulu duk Kirsimeti? Tun rasuwar mijinta Wendell a Fabrairu, kullum da safe tana nan kan kujerarta tana shan kofi. Wannan makon ko leƙowa ba ta yi ba. Ran Lahadi a coci ta wuce bencinmu ta je can gaba ta zauna, na ɗaga mata hannu ta kau da kai. Wataƙila zafin rashi ne yake taso mata. Zan gasa kek in kai mata in gani.

Ka riƙa cin abincin kirki, na ga hotonka duk ka zube.

Gwaggonka,
Marlys

Phoenix, Arizona
Tsakiyar Mayu

Gwaggona ta kaina,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Ina nan lafiya lau, sai aiki da ya yi mana yawa a kamfani. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, kuma don Allah ki ji maganar likita ko sau ɗaya a rayuwarki. Kan sarkin nan sai da na zaga shaguna kafin na samu, yarinyar da ke kanta ma ba ta san inda suke ajiye shi ba.

To, ba na gaya miki ba? Ke ce ta ɗaya a bincike, Rusty yana ƙasanki yana cin ƙura! Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Injin bincike ba ya ɗanɗana miya, Gwaggo. Kalmomi yake dubawa, da yawan yabo, da taurari. Shafin da ba kowa ya yaba masa kamar gidan abinci ne da babu mota ko ɗaya a ƙofarsa, matafiyi ba zai tsaya ba. Ni kuwa ɗan ajiye miki motoci na yi a ƙofa don masu wucewa su gani, shi ke nan. Kowa a sana'ar nan haka yake yi, kina tsammanin duk yabon da Rusty ya tara na gaske ne, da naman nan nasa mai taurin tsiya? Da zarar na gaskiya sun taru sai mu kwashe waɗancan.

Saboda haka ki manta da su Brenda, ki ji da tukunyarki. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada ki taɓa komai a shafin, kuma kada ki yi maganar nan da kowa a gari.

Inna Verna kuwa ki yi mata uzuri, rashin miji ba wasa ba ne. Ki gaishe ta, ki ce har yanzu safar tana nan, ko da yake a garin nan ba inda zan sa ta.

Ɗanki,
Devin

Birch Landing
Ƙarshen Mayu

Devin,

Ina fata kana lafiya. Ni dai lafiyar jiki da sauƙi, amma ban san rabona da barcin kirki ba, kuma yanzu za ka ji dalili.

Na kai wa Verna kek ɗin. A bakin ƙofa ta tare ni, ko "shigo" ba ta ce ba, matar da muka yi makaranta tare, ni na riƙe mata fure ranar aurenta. Ta ce in tsaya, ta koma ciki ta ɗauko waya ta kanga mini a fuska. Ashe ɗanta Glenn ne a Duluth ya rubuta sunan ubansa a bincike, yana neman sanarwar rasuwar don ya tura wa wani ɗan'uwansu. Abin da ya fara fitowa, sama da sanarwar ma, shafina ne. Ga abin da ke ciki, na kwafe maka shi baƙi da baƙi:

"Duk Alhamis da yamma nan nake zuwa. Ko na makara, kowa ya watse, Marlys tana ajiye mini farantina da ɗuminsa. Ta san yadda nake so ba sai na faɗa ba. Nan ne nake jin ina gida. Wendell Tollefson." Ga taurari biyar reras a ƙasa.

Na ce, "Verna, wannan kuma mene ne?"

Ta ce, "Ni za ki tambaya? Shafin wa?"

Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ta ce, "Nan ne yake jin yana gida! Ni kuma da nake wanke masa kamfai shekara arba'in, otal nake riƙewa ke nan?" Na ce haba Verna, mutumin da ko saƙon waya bai iya turawa ba, yaushe zai zauna ya rubuta wannan? Ta ce ai ba sai ya iya ba, tunda yana da mai rubuta masa. Daga nan ta tuna mini abin da ni ma na sani, duk Alhamis Wendell yakan fita da yamma, wai wasan karta a kulob ɗin tsofaffin sojoji, sai ya ga dama ya dawo. Ta miƙo mini kek ɗina ta rufe ƙofa. A mota na zauna na yi kuka, ban ji kunyar faɗa maka ba.

Gaskiya ne na san yadda Wendell yake son namansa, kuma ba zan ce ban taɓa ajiye masa faranti ba. Amma wa ya ɗauki wannan ya kai intanet, kuma da wace niyya? Da farko na zargi Rusty, don tun da kwastomomi suka dawo wurina yake mini wata gaisuwa mai yawan haƙora. Sai na tuna ai kai kaɗai ke da mabuɗin shafin nan, ni ko shiga ban iya ba. Na koma na sake karanta wasiƙarka, na tsaya a inda ka ce kada in yi maganar da kowa. Me ya sa, Devin? Me ka sani tun lokacin? Motocin da ka ce ka ajiye mini a ƙofa, har da motar ɗaukar gawa?

Ka ba ni amsa da gaggawa, kuma kada ka kawo mini zancen injin da ba ya ɗanɗana miya. So nake in san wanda ya rubuta, don in je in gaya wa Verna.

Marlys

Birch Landing
Tsakiyar Yuni

Devin,

Ina fata dai lafiya, don shirun nan naka ya wuce misali. Har uwarka na aika wa tambaya, ta ce ran Lahadi kun yi waya kana ta dariya. To madalla, ashe hannun ne kawai ya karye.

Wasiƙa ba ka rubuto ba, amma na ga aikinka. Yabon Wendell ya ɓace daga shafin, shi kaɗai, su Brenda suna nan suna ta santin kofi. Sannu da dabara! Ka san abin da ka jawo? Glenn ya riga ya ɗauki hotonsa, yanzu Verna tana nuna wa mutane tana cewa ga shi da, ga shi babu, in ba gaskiya ba ne me ya sa ta goge? Kuma gogewar ma ba ta gogu ba, in ka rubuta sunansa a bincike har yau layin nan ne yake fitowa, "nan ne nake jin ina gida", da sunan gidan abincina a kansa.

Gari ya ɗauka. Baƙi daga birni suna cika mini kujeru, amma teburin taga da tsofaffin gari suke zama da safe ya koma rabi. Matan coci sun yi abincin jana'izar tsohuwa Ingeborg ba su kira ni ba, ni da nake dafa dankalin kowace jana'iza a garin nan tun kafin a haife ka. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Verna ce ba zan iya ba. Mijina ya tafi, ƙannena sun watse, ita kaɗai ta rage da ta san ni tun ina da kitso biyu.

Na fara tunanin abubuwan da ba na son tunani. Ko wani ne ya biya ka? Ko kamfanin naku yana yi wa Rusty aiki? Ko gwaji kuke yi da ni, tunda tsohuwa ce ba ta gane komai? Ban san sana'arka ba, na dai san mai gaskiya ba ya gogewa a ɓoye ya yi shiru.

Marlys

Phoenix
Ƙarshen Yuni

Gwaggo Marlys,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, kunya ce ta hana ni rubutu, da tsoro. Wasiƙunki biyu suna nan a kan teburina, na fara amsa na yaga ya fi a ƙirga.

Ba wanda ya biya ni, kuma ban taɓa magana da Rusty ba. Ga yadda abin yake. Kamfaninmu yana da wata manhaja mai rubuta yabo. Sai ka ba ta sunan wuri, da jerin abinci, da lokutan buɗewa, ta zubo maka yabo iri-iri kamar mutane daban-daban ne suka rubuta. Na ba ta sunanki, na gaya mata Alhamis ce ranar da kike kaiwa yamma, daga nan ta samo Alhamis. Farantin da ɗumi da jin ana gida kuwa, haka take rubuta wa kowa, na duba na ga ta rubuta wa wani mai gasa nama a Texas kusan irinsa.

Sunayen ne matsalar. Don yabon ya yi kama da na 'yan gari, manhajar tana kwaso sunaye daga shafukan yankin, ta ɗauki sunan wannan ta haɗa da sunan mahaifin wancan. Shafin da ya fi kowanne tara sunaye a yankinku kuwa na gidan shirya jana'iza ne. Ban san daga can take kwasowa ba sai da na bincika. A kan Baba Wendell ba ta gauraya ba, ta ɗauko shi ɗungurungum. Ni kuma ban karanta ba, Gwaggo, na liƙa kawai na tafi cin abincin rana. Da na ga wasiƙarki hankalina ya tashi na goge, ban yi tunanin yadda za a fassara ba. Injin bincike kuma yakan riƙe tsohon abu na ɗan lokaci kafin ya saki, na tura buƙatar a cire shi, ba ni da ikon hanzarta shi.

Dalilin da na ce kada ki faɗa wa kowa shi ne, ba da izini na yi amfani da manhajar ba, kuma kamfanin ba ya son a san ma tana akwai, don doka ta hana yabon ƙarya. In maganar ta fita da sunana, aikina ya tafi.

Akwai kuma abin da ya ƙara riƙe mini hannu, ki yi haƙuri in faɗa. Kin rubuta cewa kin san yadda yake son namansa, kuma ba za ki ce ba ki taɓa ajiye masa faranti ba. Na karanta layin nan na sake karantawa. Ba ki ce ƙarya ba ne, cewa kika yi wa ya kai intanet. In manhajar ta yi kuskure ta faɗa kan gaskiya ne, ki gaya mini, ba zan ga laifinki ba, ke ma mutum ce, kuma kin daɗe ke kaɗai. Amma ina bukatar in sani kafin in jefa aikina a ruwa ina rantsuwa a gaban Inna Verna.

Ɗanki mai neman gafara,
Devin

Birch Landing
Farkon Yuli

Devin,

Lafiya lau, na gode da tambaya. Gwiwa ma ta ji wasiƙarka ta miƙe don haushi.

Kai! Ni za ka tambaya wannan? Ni da na wanke maka kashi uwarka tana aikin dare a asibiti? "Ke ma mutum ce." Sannu, fasto Devin mai yafe zunubi! Na'urarka ta tono matattu ta sa su tallan naman tukunya, amma ni ce abin tuhuma.

Buɗe kunnenka. Na san yadda Wendell yake son namansa kamar yadda na san na kowa a garin nan, na san ubanka ba ya cin albasa, na san fasto yana ɓoye son kitse. Aikina ke nan. Farantin kuwa, shekarar da aka yi wa Verna aikin ƙugu ita da bakinta ta ce in riƙa ajiye masa, don in aka bar shi da gwangwanin wake zai rayu. Da rana tsaka yake zuwa ya ɗauka, a gaban kowa. Ban da wannan, Wendell Tollefson bai taɓa taka wurina shi kaɗai ba, mutumin da ko hirar minti biyu ba mu taɓa haɗawa ba sai ta yanayin ƙanƙara. Ban rubuta "ƙarya ne" ba don ban zaci ɗan ƙanena yana bukatar a rubuta masa ba. Ya yi mini ciwo, Devin, ya fi na matan coci.

Yanzu ga inda aka kwana. Na tare Verna a gidan waya na gaya mata duk abin da ka rubuto, ban ambaci kamfaninku ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na'ura. To ita na'urar ce ta gaya wa mutanen kulob su ce rabonsu da shi shekara da shekaru?" Ashe ta je kulob ɗin da ƙafarta ta tambaya. Suka yi ta kame-kame, a ƙarshe ɗaya ya ce tun da aka canja musu ɗakin karta Wendell ya daina zuwa, kuma wannan ba bara ba ne, ba bariya ba. Na sake kawo maganar wasiƙarka. Ta ce, "Ɗanki ne, dole ya rufa miki asiri," ta ɗauki wasiƙunta ta fita.

Don haka takarda ba za ta yi ba, ko ka rubuta da jininka. Sai ta gani da idonta. Allon kwamfutar nan da ka aiko mini wanda nake ɗora kofi a kai, ka ce ana ganin mutum a ciki. Zan ɗauka in je gidanta, in ta ƙi buɗewa in zauna a matakala har ta buɗe. Kai kuma ka kunna na'urar taka a gabanta ta yi ƙaryar tata muna kallo. Batun aikinka, ban ce ba na tausayinka ba, amma kai za ka sami wani aikin, ni a shekaruna ba zan sami wata Verna ba. In ka ƙi, ka faɗa mini a fili, kada ka yi mini shiru.

Gwaggonka duk da haka,
Marlys

Phoenix
Tsakiyar Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa a kan tambayar da na yi, bakina ne ya fi hankalina sauri. Lafiyata lau.

Na yarda. Asabar mai zuwa da hantsi, ki sa allon a caji tun Juma'a, ki goge tabon kofin, in ya yi ƙara ki danna koren maɓallin. Manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe ta a ranar hutu, don haka ran Litinin za su sani a ofis. Na riga na fara kwashe kayana daga aljihun tebur. Su Brenda da Curtis duk na sauke su, shafinki zai gangaro ƙasa a bincike, ki shirya ganin Rusty a samanki.

Ki ce wa Inna Verna ta zaɓi duk sunan da take so a gwada.

Ɗanki,
Devin

Birch Landing
Ƙarshen Yuli

Ɗana Devin,

Gaisuwa da fatan alheri. Uwarka ta gaya mini sun sallame ka ran Talata, kuma kana neman wani wurin. Na yi baƙin ciki, Allah ya sa canjin ya zama alheri. In abin ya yi tsanani ɗakin sama yana nan, kuma ina bukatar mai wanke tukwane. Ni lafiya, gwiwa dai sai a hankali.

Ka yi abin da na roƙa, na gode. Kai ma ka ga fuskarta lokacin da ta ce a gwada sunanta, na'urar ta zubo cewa Verna Tollefson duk Alhamis tana zuwa cin hanta da albasa, kuma nan ne take jin tana gida. Matar da ko warin hanta ta ji sai ta bar ɗaki! Ka ji dariyar da ta ƙwace mata, rabona da jin ta tun kafin Wendell ya kwanta ciwo. Ta sa ka gwada fasto, ta sa ka gwada karenta, shi ma ya ba ni taurari biyar. Amma ba ka ga abin da ya biyo baya ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Da allon ya mutu muka zauna a kicin ɗinta. Ta tashi ta ɗora kofi, ta ɗauko kofuna biyu, ta kama hannuna ta ce, "Marlys, na zalunce ki, ki yafe mini." Na ce ya wuce. Wallahi a lokacin ji na yi an sauke mini dutse daga ƙirji, har na fara ba ta labarin yadda matan coci suka ƙona dankalin Ingeborg. Sai na lura ba ta ji na. Tana tsaye da butar kofi a hannu, tana kallon kujerar Wendell.

Ta ce, "To in ba wurinki yake zuwa ba, ina yake zuwa?"

Ta ce duk watannin nan da take jin haushina, aƙalla ta san wurin, ta san kujerun, ta san abin da aka zuba masa a faranti, har takan ce a ranta gara ni da wata. Yanzu kuwa ba ta san komai ba. Mutum ya yi wanka ya sa rigar kirki duk Alhamis shekara da shekaru, ya sumbace ta a goshi ya fita, kuma yana ƙarƙashin ƙasa ba mai tambayarsa. Na ce wataƙila tafki yake zuwa ya zauna shi kaɗai, maza suna haka. Ta ce, "Da turare?"

Ta dawo shan kofi da safe, an kuma kira ni abincin jana'iza na gaba, ita da kanta ta bi gida-gida ta wanke ni. Na sami abin da na nema. Sai dai ta canja kujera, yanzu mai kallon ƙofa take zama, duk macen garin nan da ta shigo, daga mai shekara hamsin zuwa sama, sai ta bi ta da ido har ta zauna. Jiya ta tambaye ni ko na san wacce ta aiko da fararen furanni marasa suna ranar jana'izarsa. Ta rame, Devin. Ban taɓa zaton zan ce haka ba, amma akwai safiyar da nake kallonta in ji da ma na bar ta tana zargina.

Yau da za ta tafi ta riƙe mini hannun riga. Ta ce tunda kai ka san hanyoyin bincike, kuma wayar Wendell tana nan a aljihun tebur ba ta taɓa ta ba, wai an ce waya tana riƙe duk inda mutum ya je. Ta ce in tambaye ka ko za ka iya duba mata, ko nawa ne za ta biya. Na yi mata alkawari zan tambaya, to ga shi na tambaya.

Ka rubuto mata amsa da hannunka, a takarda daban, yadda zan miƙa mata. Ko za ka iya, ka ce ba za ka iya ba.

Gwaggonka,
Marlys